Kwana Uku Tare Da Ƙadangarun Dutse

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil, ya karya a Kwanar Huguma, ba ya bukatar a gaya masa ya kusa isa babban birnin Jihar Jigawa. Tun daga nesa zai fara hango duwatsu sun taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wasu a kishingiɗe, wasu an ɗora su bisa juna kamar tulin buhunan gero a rumfar ɗan kasuwa, ga itatuwan dabino sun yi tsaye a gindinsu. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa sun samo sunansu daga wani sarki ko wata rijiya. Wannan gari kuwa bai wahalar da kansa ba, abin da Allah Ya ajiye masa a ƙofar gida shi ya ɗauka ya yi suna da shi.

Ɗaurin auren ƙanin wani tsohon abokin karatuna ne ya kai ni, a tsakiyar watan Mayu, lokacin da bazara ta kai maƙura, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. An shafa fatiha ranar Lahadi, abokina ya rantse ba zan koma ba sai na ƙara kwana uku. Shi ma'aikaci ne, da safe yakan tafi ofis ya bar ni da shayi da rediyo. Da zaman ya ishe ni, sai na fara fita da sanyin safiya ina hawa duwatsun da ke kusa da Garu, tsohuwar unguwar da fadar sarakunan Dutse take. Niyyata in kalli gari daga sama. Abin da na ƙare da kallo kuwa, ko a mafarki ban zaci zan ɓata masa tawada ba, wato ƙadangare.

Ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin juya shafi. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Babu gidan da ƙadangare ba ya ciki, babu yaron da bai taɓa jifansa ba, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka kalle shi na tsawon sa'a guda. Ni ma sai a wannan tafiya na yi, kuma abin da na gani ya sauya yadda nake kallon duwatsun da suka ba garin suna.

Ranar Litinin na isa wani falalen dutse rana ba ta daɗe da fitowa ba. Wurin shiru kamar ba mai rai a cikinsa. Can sai na ga wani kai ya leƙo daga wata tsaga wadda faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Ya fito a hankali, jikinsa toka-toka, launinsa ya saje da na dutsen, ya miƙe ya manna cikinsa a falalen ya juya bayansa ga rana. Ƙadangare ba ya samar da ɗumin jikinsa daga ciki kamar yadda mu da dabbobin gida muke yi. Daga rana yake aro, daga dutsen da rana ta gasa yake ƙarawa, kuma sai jikin ya ɗauki zafi sannan yake iya gudu ko farauta ko narkar da abin da ya ci. Shan hantsin da muke gani muna ɗauka lalaci ne, a wurinsa shi ne hura wutar safe.

Ina zaune ina kallo launinsa ya fara juyawa. Kan ya yi ja kamar an tsoma shi a manja, gangar jikin ta koma shuɗi mai duhu irin na baƙin rini, tsakiyar wutsiyar ta yi ruwan lemo, ƙarshenta baƙi. Ashe jan gwada ne. Wannan ado ba kowane namiji ke sa shi ba. A kowane yanki akwai namiji guda da ya mallaki wuri, tare da mata da yawa da ƙananan maza waɗanda ke zama da launin ƙasa irin na matan, don kada su jawo wa kansu fushin mai gida. Da ya gama ɗumama sai ya haye kan dutsen da ya fi tsayi, ya daddage ƙafafun gaba yana ɗaga ƙirji yana saukewa, yana gyaɗa kai. Muna yara mun sha yi wa wannan gyaɗa kai fassarori, amma ma'anarsa a wurinsu a fili take: sanarwa ce ga mata cewa ga ni, gargaɗi kuma ga kowane namiji cewa nan da mai shi. Da walaha wani baƙon jan gwada ya hauro daga ƙasa. Suka tsaya gefe da gefe, kowa ya kumbura maƙogwaro, suka shiga zabga wa juna wutsiya kamar masu sharo, har baƙon ya ga ba riba ya gangara ya ɓace.

Sauran yinin farauta ce. Yakan tsaya cak a wuri mai tudu, sai ya hango tururuwa ko fara ko buzuzu ya zabura ya cafke ya dawo mazauninsa. In an yi ruwan fari shinge ya tashi, ranar sallarsa ce. Duk wanda ya san ɓarnar da gara ke yi wa azara da rumbu ya kamata ya san cewa akwai mai gadin da ke rage masa ita ba tare da ya nemi ko sisi ba. Da rana ta take, dutsen ya yi zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa, sai duk suka koma cikin tsagogi. Wata inuwa kuma da ta gifta, ta shaho ce ko ta shirwa, kafin ƙiftawar ido falalen ya zama fayau. Nan na fahimci cewa karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ne muka mayar da ita gargaɗi kan ɓaraka tsakanin 'yan uwa. A wurin ƙadangare tsaga ita ce ɗakin kwana, ita ce inuwa, ita ce ganuwar da ke tsakaninsa da ajali.

Su kuwa waɗannan tsagogi ba a dare ɗaya suka samu ba. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa duwatsun Dutse narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, kuma suna daga cikin mafiya tsufa a jerin irinsu da ya miƙa kudu ya ratsa ƙasar Jos har zuwa Afu a Jihar Nasarawa. Zafin rana da sanyin dare da ruwan damina su ne suka yi ta cin su a hankali, suna ɓare musu ɓawo, suna buɗa kogo da rami, har ƙura ta taru saiwar bishiya ta sami wurin kamawa. A cikin wannan mafaka mutane ma suka zo suka fake. Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Kumbari ya kawo wa Dutse a zamanin Ada, cikin ƙarni na 18, kuma duk wanda ya tsaya a Garu ya dubi ƙasa zai gane dalilin da ya sa wurin ya yi wa mahaya dawaki wuyar ci. Labarin baka kuma ya ce wani maharbi ne ya fara sauka a nan saboda yawan gada, daga nan aka sami laƙabin Gadawur. Na riƙe wannan a zuciyata, domin a kwana ukun da na yi ina yawo ban ga ko sawun gada ba. Suna ya rage, mai sunan ya tafi.

Ranar Talata na gangara ta bayan dutsen, inda gonaki suka fara. Na iske wani dattijo yana sharar gona, yana tara karan bara yana cinna masa wuta. Na yi sallama na durƙusa muka gaisa, ya tambaye ni abin da nake nema a cikin duwatsu da littafi a hannu. Da na gaya masa sai ya yi dariya har da riƙe haƙarƙari.

"Yaro, daga Kano ka taso don ka ga ƙadangare? Naku sun ƙare ne?"

Na ce, "Baba, namu na bango ne, na zo ganin na dutse."

Ya jingina da manjagararsa ya ce in dai kallo nake so, na makara. A zamanin ƙuruciyarsa, in ji shi, da wuya a yi sharar gona a gindin dutsen nan ba a tayar da damo ba, a fadama kuma guza har ƙwan kaji yake zuwa sata. "Yanzu kuwa jikokina sunan damo kawai suka sani, shi ma a bakin masu karin magana."

Damo ya cancanci kirarin da aka yi masa na sarkin haƙuri. Da damina yake cin abincinsa na shekara: ƙadandoniya, dodon koɗi, gyare, buzuzu, har da kunama. Yana tara kitse a jikinsa, in rani ya shigo ya shige rami ko kogon itace ko tsohon suri ya kwanta, ya shafe watanni bai sa komai a baki ba, har sai ƙasa ta sake jiƙa. Dabbar da ke rayuwa haka tana bukatar fili da ba a tone shi, da ramin da za ta tarar a inda ta bar shi. Ga mafarauta suna nemansa don nama da fata, ga fatake a ƙasashen Gana da Togo da Binin suna kwasar 'ya'yansa ana kai wa masu kiwon sha'awa a Turai da Amurka. Haƙuri yana maganin yunwa, amma ba ya maganin garma da wuta da kare.

Kafin mu rabu dattijon ya nuna mini wani ɗan rami a yashi, a gefen kunya, inda ya ce ya ga macen ƙadangare tana tono. Haka suke yi idan damina ta kawo kai. Takan haƙa rami mai zurfin ɗan yatsa a ƙasa mai danshi wadda rana ke samu, ta zuba ƙwai biyar zuwa bakwai, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe da kanta, ta tafi abinta. Rana ce ke yin kwanci, bayan mako takwas zuwa goma 'ya'yan su fito. A cikin wannan ɗan rami akwai wani sirri da ya girgiza ilimin halittu. A shekarar 1966, wata masaniya Bafaransa mai suna Madeleine Charnier, tana aiki a jami'ar Dakar ta ƙasar Senegal, ta gano cewa zafin ƙasar da ƙwan ya kwanta a ciki shi ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. Ƙwan da ta ajiye a zafin digiri 26 zuwa 27 kusan duk mata ya ba ta, wanda ta ajiye a digiri 29 kuwa maza. Daga baya aka tarar haka abin yake ga kada da yawancin kunkuru, amma a jikin wannan ƙadangaren da yaranmu ke harbi da danƙo aka fara ganinsa. Tun kafin nan, a 1964, wani malami mai suna Vernon Harris ya wallafa littafi sukutum kan rayuwarsa, daga nazarin da ya yi a Ibadan. A 2012 kuma masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗauki hoton yadda yake daidaita jikinsa da wutsiya idan ya yi tsalle, suka ƙera ɗan mutum-mutumin inji mai wutsiya bisa wannan dabara. Abin da muke kora da tsintsiya, wasu digiri suke yi a kansa.

Zaman da na yi a kan falalen nan ya riƙa tuna mini da wani wuri da na sha karanta labarinsa, mai kama da Dutse ta fuskar duwatsu da zafi. A arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, inda Kogin Orange ya faɗo daga tsayin kimanin mita 56 cikin wani kwazazzabo na dutse, akwai wurin da ake kira Augrabies. A can akwai wani ƙadangare da jikinsa ya baje kamar an danne shi da dutsen guga, halittar da ta ba shi damar shigewa ƙarƙashin siririn ɓawon dutse inda maƙiyi ba ya iya binsa. Namijin yana da shuɗin kai, da ƙafafun gaba masu ruwan ɗorawa, da ciki mai baƙi da ruwan lemo wanda yake buɗe wa abokin hamayya idan za a yi faɗa. Abincinsa ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne da ke tashi daga ruwan, yana tsalle yana cafke su a iska, in ɓaure ya nuna kuma ya bi ya ci. Macen ƙwai biyu take sakawa a cikin tsagar dutse. Sai a 1997 masana suka tabbatar da cewa jinsi ne mai zaman kansa. Amma tun 1966 aka killace wurin aka mai da shi gandun ƙasa, don haka da aka zo sanin darajarsa, an tarar da gidansa a tsaye, kuma yau masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su kalle shi.

A ƙasar dai, a filayen ciyawa na lardunan Free State da Mpumalanga, akwai wani ɗan uwansa da bai yi wannan sa'a ba. Jikinsa duk ƙaya ne, musamman wutsiya, yana zama a ramin da ya haƙa da kansa, kuma saboda yadda yake tsayawa a bakin ramin ya ɗaga kai sama, aka sa masa suna mai kallon rana. Ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, ɗa ɗaya ko biyu, shi ma sai bayan shekara biyu ko uku. Da aka nome filayen aka shuka masara, aka buɗe ma'adinai, masu fasa-ƙwauri kuma suka shiga kamawa, sai ya shiga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, domin ba ya komawa ƙasar da garma ta taɓa bi. Ƙasa ɗaya, ƙadangaru biyu, bambancinsu kawai shi ne an bar wa ɗaya gidansa an rushe na ɗayan.

Ranar Laraba ina kan dutse na ji wata ƙara kamar aradu, alhali sama tas take. Ƙadangarun suka watse, tsuntsaye suka tashi. Daga nesa na hango farar ƙura ta turnuƙe. Da la'asar na roƙi abokina ya kai ni wurin. Rabin wani dutse ya tafi, abin da ya rage ya yi fari fat kamar ƙashin da aka fasa. Nakiya ta farfasa, inji yana niƙa, tifofi suna layi. A gefe kuma ga masu ƙaramin ƙarfi, samari da magidanta, kowa da gudumarsa da tulin tsakuwarsa, gashin ido ya yi fari da ƙura. Na gaisa da wani matashi na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi ko suna cin karo da dabbobi in suna fasawa.

Ya ce, "Yallaɓai, da farko muna gani, macizai da kulɓa da su tsaka. Yanzu ko sun gudu ko sun mutu, mu dai abincinmu muke nema."

Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan yi munafuncin zaginsa a jarida ba. Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni, garin yake girma, kuma kowane titi da kwalbati da ajin makaranta da ɗakin asibiti tsakuwa yake ci. Gidan da na kwana a ciki ma da ita aka zuba harsashinsa. Lamarin ya zama ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Sai dai wahalar zaɓi ba ta zama hujjar a ƙi yin zaɓin ba. Bishiyar da aka sare ana iya dasa wata, jikoki su sha inuwa. Dutsen da aka niƙe kuwa ya tafi ke nan har abada.

Abin da ya fi damuna shi ne jan gwada da kansa yana taya mu yaudarar kanmu. Shi mai sauƙin hali ne. In an rushe masa dutse ya koma katangar bulo, in an sare masa bishiya ya hau turken lantarki, albarkacin kaza ya sha ruwan kasko, ya ci ƙwarin da fitila ta tara. Saboda muna ganinsa ko'ina sai mu ɗauka komai na nan yadda yake. Waɗanda ba su iya zaman siminti ba, irin su damo da hawainiya da ƙananan halittun da ba su da gida sai ƙarƙashin ɓawon dutse, su ne ke janyewa a ɓoye, ba mai yi musu jana'iza. Na Augrabies ya zauna a dutsensa shekaru aru-aru kafin a san shi jinsi ne na daban. Dutsen da aka fasa kafin a bincika shi, an fasa shi ne da duk abin da ke cikinsa.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Na farko, hukumomin jiha da masarauta su zauna su ware duwatsun da ba za a taɓa ba ko da nawa aka saya, musamman na kewayen Garu da waɗanda ake hangowa daga cikin gari, a tura masu fasawa inda ɓarnar ta fi sauƙi. Akwai abin koyi a kusa, domin duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, an daɗe da sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Na biyu, dokar 1992 da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su ta zama aiki a ƙasa, wanda zai auna ya taka dutsen da ƙafarsa. Na uku ya shafi ɗalibai. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, kuma kowace shekara ɗaliban ilimin halittu suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ga ɗakin gwaji nan Allah Ya gina musu a bayan makaranta. Littafin rubutu da wayar ɗaukar hoto da haƙurin zama sun isa a fara ƙidayar abin da ke zaune a kowane dutse, a kuma je wurin dattawa irin wanda na iske a gona a rubuta sunayen da suka sani da wuraren da suka saba ganinsu, tun suna raye.

Ranar Alhamis da safe abokina ya kai ni tasha. Muna jiran mota ta cika na hango wani jan gwada a kan sabuwar katangar wani shago, ya daddage yana gyaɗa kai, yana shelar mulkinsa a kan bulo tara. Wani yaro mai tallan dabino ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa zai jefe shi. Na kira shi na sayi dabinon ɗari biyar, na ce ya yar da tsakuwar. Ya yar, yana kallona kamar wanda ya ga sabon mahaukaci a gari. Da motar ta fita na waiga ina duban duwatsun har suka ɓace. Gada ta bar wa garin laƙabi ta tafi. Ina fata jikokinmu ba za su tambayi dalilin da ya sa ake ce masa Dutse ba.